Amincewar Majalisa Ba Ita Ce Kafa Doka Ba

Da zarar an ji a rediyo cewa Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta amince da wani abu a zaurenta na Lugard Hall, sai mutane su fara cewa an kafa doka, har wasu su shiga fargabar kamu. Wannan fahimta ta daɗe a bakin jama'a, amma ba daidai ba ce.

Abin da majalisa take yi wa karatu uku, ta kuma miƙa wa kwamiti ya duba, ƙudirin doka ne. Sashe na 100 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa bayan majalisa ta amince da shi sai a kai wa gwamna, wanda yake da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa tana iya sake amincewa da shi da rinjayen kashi biyu bisa uku, kuma daga nan ya zama doka ko gwamna bai so ba.

Akwai kuma matsayar da majalisa take cimma idan wani wakili ya gabatar da buƙata, kamar kiran gwamnati ta gyara wata hanya. Wannan shawara ce, ba ta ɗaure talaka ba. A ganina a nan ne 'yan jarida suka fi rikita masu sauraro, domin da kalmar ƙudiri suke kiran duka biyun.

Game da kamu kuwa, sashe na 36 ya hana a hukunta mutum a kan laifin da rubutacciyar doka ba ta fayyace shi tare da hukuncinsa ba.