Alamomin garkuwar jiki a gwajin ciwon ƙoda

Waɗannan gwaje-gwajen jini ne da likita yake yi don ya gano ko garkuwar jikin mutum ce da kanta take cin ƙodarsa. Gwajin kiriyatinin (wani datti a jini da ƙoda take tacewa) da na furotin a fitsari suna nuna girman ɓarnar da aka yi ne kawai, su kuwa waɗannan suna nuna wanda yake yin ɓarnar, kuma daga nan ne ake sanin maganin da za a bayar.

Wanda aka fi cin karo da shi a asibitocin yara shi ne C3, wani furotin na garkuwa da ke yawo a jini. Yaro zai yi ciwon makogwaro ko ƙazwa ta ruɓe masa a fata, bayan sati ɗaya zuwa uku (ko uku zuwa shida idan ta fata ce) sai a ga fuska ta kumbura da safe, fitsari ya koma kalar shayi kuma ya ragu, to idan aka auna sai a tarar C3 ya yi ƙasa sosai, gwajin ASO kuma, mai nuna alamar ƙwayar cutar da ta jawo ciwon makogwaron ko na fatar, sau da yawa ya hau. Yawanci cikin sati 6 zuwa 8 C3 yake komawa daidai, in ya wuce haka bai dawo ba likita zai fara zargin wata cutar daban, shi ya sa bai kamata iyaye su daina kai yaro ba don kumburi ya sace.

A cutar lufus, inda garkuwa take afka wa sassan jikin mai ita, wadda ta fi kama mata matasa, C3 da ɗan'uwansa C4 suna sauka tare, anti-dsDNA kuma, wani furotin na garkuwa mai yaƙar jikin kansa, ya tashi. Akwai ANCA da anti-GBM, wasu furotin na garkuwa masu cutar da ƙoda, su kam gaggawa ne, don ƙoda tana iya mutuwa cikin makonni.

Babban ci gaba ya zo a 2009, lokacin da Laurence Beck da David Salant a Boston ta Amurka suka gano anti-PLA2R, wani furotin na garkuwa mai afka wa matatar ƙoda, wanda ake samu a kusan kashi 70 cikin 100 na masu wani nau'in ciwon ƙoda na manya mai zubar da furotin da yawa. Tun 2021 ƙa'idojin KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, suka yarda idan an same shi a jini ba dole sai an tsakuro naman ƙoda da allura ba. Kuma yana sauka watanni kafin furotin na fitsari ya ragu, don haka tun majinyaci yana kumbure likita zai iya sanin magani ya fara aiki.