Kayan tantance kalmomin layin umarni

Idan mutum ya buga `sort -r -o sakamako.txt sunaye.txt` a tagar umarni, abin da manhajar sort take samu jerin kalmomi ne zalla, ba tare da wani bayani a kansu ba. A harshen C jerin yana zuwa a cikin argv, yawansa kuma a argc. A Python yana cikin sys.argv, a rubutun shell (manhajar da ke karɓar umarnin da aka buga) kuwa su ne $1, $2 da sauransu. Manhajar ce za ta gane da kanta cewa -r tuta ce da ba ta ɗaukar komai, -o tana jan kalmar da ke bayanta a matsayin sunan fayil ɗin da za a rubuta sakamako, sunaye.txt kuma shi ne abin da za a yi wa aikin. Kayan tantance kalmomin layin umarni su ne laburare da ƙananan umarni da aka ƙera domin wannan rarrabewa.

Aikin ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya, saboda al'adun da masu amfani da Unix suka saba da su. Ƙa'idar POSIX, wadda ke daidaita tsarukan Unix, ta yarda a haɗe gajerun zaɓuɓɓuka, -a -b -c su zama -abc, ta kuma ce karan ɗori biyu su kaɗai, wato --, su ne alamar cewa zaɓuɓɓuka sun ƙare, ta yadda fayil mai suna -x ba zai rikita manhaja ba. Aikin GNU, mai samar da manhajoji irin na Unix kyauta, ya ƙara dogayen zaɓuɓɓuka irin su --output=fayil, ya kuma ba da damar zaɓi ya zo bayan sunan fayil. Wanda ya rubuta nasa matantanci da hannu yakan manta da ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ba ya ganewa sai wani ya ci karo da matsalar.

Tushen yawancinsu shi ne getopt na harshen C, wanda ya fito daga Unix na kamfanin AT&T. Kamfanin ya sake shi ga kowa a taron UniForum na 1985 a Dallas, daga baya ya shiga POSIX. Ana ba shi gajeren rubutu kamar "ro:", inda ruwa biyu ke nuna cewa harafin da ke gabansa yana buƙatar ƙima. Bai san dogayen zaɓuɓɓuka ba. GNU ce ta ƙara getopt_long domin su. Laburaren C na GNU, wato glibc, yana da argp kuma, mai rubuta saƙon --help da kansa, sai dai musl, wani laburaren C na daban, ba shi da shi, don haka manhajar da ta dogara da argp ba za ta haɗu a can kai tsaye ba.

A rubutun shell ne aka fi samun ruɗani, domin akwai abubuwa biyu da harafi ɗaya kacal ya raba sunansu: getopts da getopt. Na farkon yana cikin shell ɗin kansa. Ya bayyana a 1986 a Bourne shell, yana cikin POSIX, ana samunsa a bash, dash, ksh da zsh. Ana kiransa a cikin madauki, yana ajiye ƙimar zaɓi a OPTARG, matsayin da ya kai kuma a OPTIND, bayan an gama sai a yi `shift $((OPTIND-1))` domin a bar sauran kalmomi. Tunda a cikin shell yake aiki, sunan fayil mai tazara a tsakiya ba ya tsinkewa a hannunsa. Rauninsa biyu ne: a bash da dash ba ya karɓar dogayen zaɓuɓɓuka, kuma yana tsayawa da zarar ya iske kalmar farko da ba zaɓi ba.

Shi kuwa getopt manhaja ce ta daban da shell ke kira, ta sake jera kalmomin ta mayar da su a matsayin rubutu. A nan tsohon nau'insa yake tuntuɓe: fayil mai suna "rahoton wata" zai dawo kalmomi biyu, kalmar da babu komai a cikinta kuma ta ɓace ɗungurungum. Nau'in da ke cikin kunshin kayan Linux mai suna util-linux ya gyara wannan ta hanyar sa alamar zance a kowace kalma, shi ya sa ake karɓar sakamakonsa da `eval set --`. Yana kuma fahimtar dogayen zaɓuɓɓuka. Matsalar ita ce suna ɗaya ne ke ɗauke da kaya biyu: macOS tana zuwa da tsohon nau'in BSD, don haka rubutun da ya yi aiki lafiya a Linux sai ya watse a can. Ana iya gwadawa da `getopt -T`, wanda ke fita da lamba 4 idan ingantaccen ne. Abin takaici ne yadda wannan bambanci yake cinye wa mutane lokaci, alhali layi ɗaya na gwaji ya isa ya tona shi. Ga rubutun da zai yi yawo a kwamfutoci iri-iri, getopts ne ya fi aminci. Idan dogayen zaɓuɓɓuka sun zama dole, madaukin while da case da aka rubuta a tsanake ya fi dogaro da getopt ɗin da ba a san wanne za a tarar ba.

Python tana da uku a gida. Akwai getopt mai kwaikwayon na C, akwai optparse da ya shigo a Python 2.3 a 2003, sai argparse na Steven Bethard da ya shigo ta takardar shawara ta PEP 389 a Python 2.7 da 3.2. Na ukun ne aka fi amfani da shi, domin yana kula da kalmomin da ba zaɓi ba, yana da ƙananan umarni irin na `git commit`, yana rubuta saƙon taimako. Yana da halayen da ya kamata a sani: yana karɓar --verb a madadin --verbose, abin da kan karya rubutun wasu ranar da aka ƙara sabon zaɓi mai irin farkon, sai an kashe shi da allow_abbrev, yakan kuma ɗauki ƙimar da ta fara da karan ɗori a matsayin sabon zaɓi. A waje akwai Click na Armin Ronacher, da Typer da aka gina a kansa, da docopt wanda ke karanta saƙon taimako ya fitar da matantanci daga cikinsa. Suna da daɗin aiki, amma kowannensu kaya ne da sai an girka, kuma ƙaramin rubutun da za a miƙa wa wani bai cika cancantar wannan ɗawainiya ba.

Sauran harsuna kowanne da nasa. Kunshin flag na Go ya bijire wa al'adar GNU: -suna da --suna duk ɗaya ne a wurinsa, kuma ba ya haɗe haruffa, shi ya sa manyan manhajoji kamar kubectl da Hugo suke amfani da Cobra. Rust tana da clap, Perl tana da Getopt::Long, Java kuma picocli da Apache Commons CLI.

Tambayar farko wajen zaɓe ita ce inda manhajar za ta yi aiki, da abin da ake da tabbacin yana can; yawan fasahohin laburare yana zuwa ne a baya. Sai girman aikin: tuta biyu ko uku ba sa buƙatar Cobra ko Click, amma manhaja mai ƙananan umarni goma tana buƙatar abin da zai riƙa daidaita saƙon taimako da ainihin zaɓuɓɓukan, domin wanda aka rubuta da hannu yakan tsufa ya bar gaskiya. Canja laburare daga baya ma ba ƙaramin abu ba ne, tunda rubutun mutane da dama zai riga ya dogara da yadda na farkon yake fassara -abc ko zaɓin da ya zo bayan sunan fayil.