Waiwaye: Asalin Ƙarancin Malaman Kwamfuta da Kasuwanci a Jami'o'inmu

Da wata jami'a ta fitar da sanarwar neman malamai a fannin kwamfuta ko kasuwanci, kafin la'asar ta karaɗe wayoyin mutanen Jos. Masu digiri na biyu kan cika shagunan buga takardu na titin Bauchi, kowa da ƙunshin takardun shaidarsa. Sai dai guraben da ake tallatawa sun daɗe suna taruwa.

Jami'ar Jos ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. A wancan zamani, sashe kan riƙe ɗalibinsa mafi hazaƙa, ya ɗauke shi a matakin ƙaramin malami, ya tura shi ƙaro karatu har ya dawo da digirin dakta. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, gogaggun malamai suka soma ficewa. Kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu da ya duba buƙatun jami'o'in gwamnati a 2012 ya ƙirga malamai 37,504, kuma kashi 43 cikin ɗari ne kawai ke da digirin dakta.

Shekarar 2020 ta ƙara dagula lamarin. Gwamnatin tarayya ta sa takunkumin ɗaukar ma'aikata, ta kuma tura albashin jami'o'inta cikin tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, wato IPPIS, wanda ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi ta kukan bai yi tanadi ga malaman aro ba. A lokacin, shugaban jami'a ba ya iya maye gurbin wanda ya rasu ko ya yi ritaya sai ya yi ta safa da marwa a ofisoshin Abuja. Yajin aikin wata takwas ya biyo baya a 2022. Sai a Disambar 2023 aka amince a cire jami'o'i daga IPPIS.

Ana cikin haka, a Disambar 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatu da ta ware kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, da kwasa-kwasai irin su tsaron intanet, ƙera manhajojin kwamfuta da nazarin bayanai. Mataki ne mai kyau, amma kowane kwas sai da malamansa kafin hukumar ta amince da shi, kuma wanda ya ƙware a waɗannan fannoni yana iya zama a ɗakinsa a Jos wani kamfanin waje ya biya shi da dala. A sashen lissafin kuɗi ma haka ne: mai shaidar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, bankuna na jiran sa.

Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan sanarwar neman malamai ta fi karkata ga masu digirin dakta da tarin maƙalu. Irin waɗannan suna koyarwa a wani wuri tuni, saboda haka jami'ar da ta samu ɗaya, wata ta rasa ɗaya. Matakin da ya kamata a buɗe sosai shi ne na ƙasa, na ƙananan malamai, tunda asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman jami'o'in gwamnati. Wanda aka ɗauka bana da digiri na biyu, sai ya ƙara aƙalla shekara uku kafin ya gama na dakta.