Waiwaye: Yadda lambun bayan ɗaki ya shiga jinyar masu cutar ƙanjamau

A 1986 aka fara bayyana ɓullar ƙanjamau a Najeriya. Shekarun da suka biyo baya, a ƙauyukan Kano da Jigawa rama ce ke tona asirin mai cutar: mutum ya zube, wuya ya yi tsawo, a bi shi da raɗa ana "kabari kusa". Sai a 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara ba da maganin rage kaifin cutar a cibiyoyi 25, aka mai da shi kyauta a 2006, ga kuma tallafin PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da cutar.

Magani ya samu, amma ciki bai samu ba. Wanda ya fara shan ƙwayoyin, cin abincinsa kan buɗe, alhali a gidaje da dama rumbu ya yi ƙasa tun kafin Agusta. Wasu kan ajiye maganin, su ce ba sa iya shan sa da yunwa. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi mai ɗauke da cutar yana buƙatar ƙarin kashi 10 cikin 100 na abinci mai ba da kuzari, in ciwo ya taso kuwa kashi 20 zuwa 30.

An gwada rabon kayan abinci. Yana ƙarewa, kuma wanda ya shigo gari da buhun tallafi daga asibiti sai ya sha tambaya. Nan hankali ya koma kan abin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi: zogale a jikin danga, rama da alayyafo a bakin magudanar ruwa, kabewa tana bin rufin ɗaki. Macen da ba ta fita ma tana iya cika tsohon buhu da ƙasa da kashin awaki, ta huda gefensa ta shuka, ta riƙa ba shi ruwan alwala. Ba mai leƙowa ya ce don me. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a haɗa da wake, abinci ne mai gina jiki.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu tallan cewa zogale yana warkar da cutar. Ba ya warkarwa, kuma duk wanda ya bar maganinsa saboda wannan zance, ransa ya sa a haɗari.

Tun cire tallafin man fetur a 2023 cefane ya gagari mutane da yawa, sai ɗan lambun ya ƙara daraja. Wahalarsa har yau ruwa ce. Mutanen Kura da Kadawa suna da na madatsar Tiga, amma a ƙauyukan Gumel da Maigatari, watan Afrilu na kamawa guga ake jefawa da doguwar igiya, ga awaki suna jiran danga ta yi rauni.