Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi: daga ina ta faro?

Yaushe aka kafa ta?

A 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, tare da ta Tawa da ta Damagaram. Kafin nan jami'ar gwamnati guda ce a Nijar, ta Abdu Mumuni a Yamai. Yaro ya ci bak, jarrabawar kammala sakandare, a Tasawa ko Madarunfa, sai ya ɗaure kaya ya yi tafiyar sama da kilomita 600. Ɗan talaka, balle ƴa mace, sau da yawa nan karatun yake tsayawa.

Me ya sa ake ce mata jami'ar sana'a?

Asalinta ke nan. Kafin jami'ar, akwai cibiyar koyon fasaha da ake kira IUT, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 2008. Aikinta horar da masu gine-gine da hanyoyi, da masu lantarki, da masu injuna, mutanen da za su fito su kama aiki kai tsaye. A kanta aka ɗora jami'ar, aka ƙara sashen kimiyya, da na noma da muhalli, da na kiwon lafiya.

Duk wanda ya san Maraɗi ya san ba da ka aka yi wannan zaɓi ba. Gari ne na kasuwa da noma, ga gero da wake da gyaɗa, ga jar akuyar da fatarta ta yi suna har ƙetare. Manomin bakin Gulbi yana buƙatar masanin da zai taka gonarsa ya duba ƙasa da iri, ba wanda ya san ta a allo kawai ba. Shi ya sa raina kan ɓaci idan na ji iyaye na raina IUT, wai karatun masu datti ne. Wa zai gyara injin ban-ruwa idan kowa ya nufi ofis?

Wane ne Ɗan Dikko Ɗankulodo?

Ɗan Maraɗi ne, masanin kimiyyar sinadarai. Ya riƙe ministan ilimi zamanin Jori Hamani, sannan daga 1974 zuwa 1982 ya shugabanci ACCT, hukumar haɗin gwiwar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1970. A 2014 aka sa wa jami'ar sunansa.

Takardar kammalawa tana ba da aiki?

Ita kaɗai ba ta bayarwa. Ɗalibin da ya riƙe zuwa koyon aiki a wurin gini, ko gareji, ko asibiti da muhimmanci, ya fi saurin samun mai ɗaukarsa, wani ma tun bai karɓi takardar ba ya buɗe shagonsa.