Ma'anar Ɗorewa: Me Ake Nufi Idan Aka Ce Abu Ba Ya Canzawa?

Idan aka ɗaura aure ko wani ya buɗe sabon shago, addu'ar da ake yi ita ce Allah ya sa ɗorewa. Idan ana yabon dattijo a unguwa sai a ce kaifi ɗaya ne, ba ya magana biyu, inda ka bar shi jiya nan za ka same shi gobe. Malamai suna kiran wannan hali istiƙama, kuma sukan kawo hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Muna yabon irin wannan mutum ne saboda yana da ikon ya canza amma ya ƙi. Mai shayin da ke hura wuta kafin asuba a bakin tashar Kawo, da damina da hunturu, ba wanda ya hana shi yin kwanciyarsa. Ɗorewarsa ƙoƙari ce, kuma kullum sai ya sabunta ta.

A ajin lissafi kuwa babu batun ƙoƙari. Tsayayyen adadi shi ne wanda darajarsa ba ta motsi yayin da sauran ke hawa da sauka. A ce tela a Kasuwar Barci yana biyan hayar shago naira 20,000 a wata, kuma kowace riga tana cin masa naira 500 na zare da maɓalli da guga. Abin da zai kashe a wata shi ne 20,000 + 500x, inda x ke nufin yawan rigunan da ya ɗinka. Ana gab da sallah x ya yi sama, bayan sallah ya faɗi, amma 20,000 tana nan ko da bai taɓa keke ba. Sai dai tsayuwarta ta cikin wannan tambaya ce kawai. Ranar da mai shago ya ƙara haya, an shiga wani lissafin.

Akwai wanda ya fi wannan ƙarfi, shi ne π, da ake kira fai. Ɗauki zare ka zagaya bakin murfin tukunya, ka yanke daidai inda ya haɗu. Sai ka miƙe zaren ka riƙa gwada shi da faɗin murfin ta tsakiya. Za ka samu faɗi uku cif, da ɗan guntun da ya rage, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin. Gwada da faranti, ko tayar keke, ko bakin rijiya: uku da wannan ɗan guntu. Babu mai iya ƙara shi ko rage shi, domin da hujja aka tabbatar da shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibai da yawa ke gama sakandare suna ɗauka π ita ce 22/7, saboda haka suka saba gani a takardun WAEC da NECO. Kusantarwa ce kawai. 22/7 tana ba da 3.1428, ita kuwa π ta fara da 3.14159, tun a lamba ta uku bayan ɗigo suka raba hanya. Arkimidis, masanin Girka na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna cewa π ta fi 223/71 amma ba ta kai 22/7 ba. A 1424, Jamshid al-Kashi a Samarƙand ya fitar da ita har lambobi 16 bayan ɗigo, da hannu. A 1761 Johann Lambert ya kawo hujjar cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a raba ɗaya da ɗaya su ba da π daidai. Ɗalibin da aka gaya wa wannan zai gane cewa adadin daban, abin da muke rubutawa a madadinsa daban.

A kimiyya lamarin ya fi wuya, domin a nan sai an auna, kuma awo yana tafe da sharaɗi. An koya mana cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos. Gaskiya ne, amma a daidai tsayin teku. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, nauyin iska ya ragu, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96. Haka ma saurin da abu ke ƙarawa idan yana faɗowa ƙasa, wanda littattafai ke rubutawa 9.8. A kan layin tsakiya da ya raba duniya arewa da kudu wajen 9.78 ne, a ƙuryar arewa da ta kudu ya kai 9.83, saboda juyawar duniya da kumburin da take da shi ta tsakiya. Kaduna tana wajen digiri 10 ne arewa da layin tsakiya, don haka namu ya fi kusa da 9.78. A ganina duk malamin da ya ba da irin waɗannan lambobi bai faɗi sharaɗinsu ba, rabin karatu ya bayar.

Waɗanda masana suka fi yarda da tsayuwarsu kaɗan ne. Babbansu shi ne gudun haske a sararin da babu iska babu komai: mita 299,792,458 a daƙiƙa ɗaya. A 1905 Albert Einstein ya gina nazarinsa a kan cewa wannan gudu ɗaya ne ga duk mai aunawa, yana tsaye ko yana tafiya. An yarda da shi har ta kai a 1983 aka juya abin: maimakon a auna gudun haske da mita, sai aka mayar da shi tushen tsayin mita ita kanta.

Kilo ma haka ya bi. Daga 1889 har zuwa 2019, ma'anar kilo ɗaya ta kasance nauyin wani ɗan curin ƙarfe na filatinam da iridiyam da ke ajiye a kusa da birnin Faris na Faransa, a rufe cikin gilasai. An yi kwafe-kwafensa an raba wa ƙasashe. Da aka riƙa dawo da su ana gwadawa, sai aka ga nauyinsu ya saɓa da na asalin da wajen mikrogiram 50 cikin shekara ɗari (mikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Kaɗan ne ƙwarai, amma abin da duniya ke awo da shi bai kamata ya motsa ba. A watan Nuwamba 2018 wakilan ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Faransa, kuma daga 20 ga Mayu 2019 aka ɗaure kilo da tsayayyen adadin Planck, wani adadi na kimiyyar makamashi da masanin Jamus Max Planck ya gabatar a 1900. Kilon naman da mahauci ke auna maka a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, muddin sikelinsa na gaskiya ne, a kan wannan adadi ya jingina.