Injin haɗa harsashi mai sarrafa kansa

Injin haɗa harsashi mai sarrafa kansa na'ura ce da ke karɓar sassan harsashi huɗu, wato kwanso da makunni da albarushi da kan harsashi, ta harhaɗa su ta fitar da cikakken harsashi ba tare da hannun mutum ya taɓa kowane ɗaya ba. Sunansa yakan ruɗi wanda bai san sana'ar ba, har ya zaci injin ne ke ƙera harsashi tun daga tushe. Haɗawa kawai yake yi. Kwanson, wanda galibi tagulla ce mai kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, a wata masana'anta ake buga shi. Makunnin, ɗan ƙaramin murfin da ke gindin kwanso wanda allurar bindiga ke doka ya ba da tartsatsi, 'yan sana'ar suna kiransa firaima, kuma kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa. Albarushin ma haka. Daga nan duk lissafin tsadar wannan inji da amfaninsa ya samo asali.

Yadda yake aiki

Kowane inji mai sarrafa kansa, ƙarami ko babba, tashoshi ne a jere. Ana zuba kwansuna a wani kwano mai juyawa da ke sama, yana jera su gindi ƙasa suna gangarowa ta bututu ɗaya bayan ɗaya. Tasha ta farko tana matse kwanso ya koma daidai awonsa, idan kuma tsohon kwanso ne da aka taɓa harbawa, wata siririyar allura ta ture tsohon makunni ya faɗo. Tasha ta gaba ta dasa sabo. Sai a ɗan buɗa bakin kwanson, a ɗura albarushi, a duba yawansa, a ɗora kan harsashi, a danna shi zuwa zurfin da aka saita, a ƙarshe a ɗame bakin ya riƙe shi. Duk saukar kan injin sau ɗaya, tashoshin nan gaba ɗaya suna aiki a lokaci guda, kowace a kan nata kwanson, saboda haka duk bugu ɗaya harsashi ɗaya ke faɗawa cikin akwati.

A wasu injuna kwansunan suna zagayawa a kan faranti, a wasu kuma wani ƙarfe mai haƙora ne ke tura su a miƙe daga tasha zuwa tasha. Manyan injunan masana'antun soja sun sha bamban: ganguna ne masu juyawa ba tsayawa, ana yi wa kwanso aiki yana cikin tafiya.

Ire-irensa da farashinsu

A ƙasan tsani akwai injin hannu mai tasha ɗaya, irin wanda RCBS da Lee Precision da Hornady ke sayarwa a Amurka a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Mai shi yana jan mariƙi, kuma da ƙyar yake wuce harsashi ɗari a awa. Sama da shi akwai injin hannu mai tashoshi da yawa. Kamfanin Dillon Precision da ke Arizona ne ya fi suna a nan, kuma injinsa Super 1050 mai tashoshi takwas ya daɗe yana zama matakin farko ga masu son shiga kasuwa. Farashinsa bai wuce 'yan dubban daloli ba, kuma mai ƙwazo yana iya kusantar dubu a awa, idan kafaɗarsa ta jure.

Sarrafa kai yana farawa ne inda aka cire mariƙin aka ɗaura injin lantarki da ƙaramar kwamfuta. Kamfanin Mark 7 ya yi fice da irin wannan haɗi, ya kuma fitar da nasa injunan masu tashoshi goma. Waɗannan suna fitar da tsakanin dubu ɗaya da ɗoriya zuwa dubu uku da ɗoriya a awa, kuma idan aka haɗa da kwanukan jera kaya da na'urorin lura, kuɗinsu yakan tashi daga 'yan dubbai har ya haura dala dubu goma.

Daga nan sai injunan da tun asali don kasuwa aka ƙera su, kamar na Camdex a Michigan da na Ammo Load a Idaho. Ƙarfe ne mai nauyi da aka yi don ya wuni yana bugu shekara da shekaru, yana ba da dubu huɗu zuwa biyar a awa na harsashin ƙaramar bindiga. Ana maganar dubban daloli gommai a kan guda ɗaya.

Can ƙololuwa kuwa sai layukan masana'anta na kamfanoni irin su Manurhin a Faransa, da New Lachaussée a Beljiyam, da Fritz Werner a Jamus, waɗanda ake ƙirga gudunsu da minti maimakon awa, kuma gwamnatoci da manyan kamfanoni ne ke sayensu da kuɗin da ke kai wa miliyoyi. Masana'antar Lake City ta sojan Amurka da ke Missouri, wadda ta fara aiki a 1941, ta samu layukan da ake kira SCAMP a shekarun 1970, masu iya fitar da harsashi 1,200 a minti. Abin da ƙaramin inji zai wuni yana yi, waɗannan sun gama shi kafin ma'aikaci ya gama ɗaure takalmi.

Inda kuɗin yake zurarewa

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya ɗauki farashin inji a matsayin jarin sana'ar. A misalin lissafi kawai, a ɗauka mutum ya sayi inji a dala 30,000, ribarsa a kowane harsashi kuma santi 3 ce (santi 100 ke yin dala ɗaya). Sai ya sayar da miliyan ɗaya kafin injin ya biya kansa. Idan yana fitar da 3,000 a awa, awa 333 ke nan, abin da bai kai aikin wata uku ba. Har nan lissafi ya yi daɗi. To amma idan sassan kowane harsashi suna cin santi 15, miliyan ɗayan nan na buƙatar kayan dala 150,000, ninki biyar na kuɗin injin. Inji mai sauri baki ne mai saurin ci, kuma mai shi ne zai ciyar da shi.

Babban kamfani yana buga kwansonsa, yana zuba dalmarsa, wani ma yana yin makunninsa da kansa. Ƙaramin mai haɗawa kuwa saye yake yi, sau da yawa daga hannun kamfanin da zai yi gogayya da shi a kanti. Wannan rauni ya fito fili a ƙarancin harsashin da aka yi a Amurka a 2020 da 2021. Manyan masu yin makunni a ƙasar huɗu ne, CCI da Federal da Remington da Winchester, kuma dukkansu suna da nasu harsashin da za su cika. Da buƙata ta yi tashin gwauron zabi, sai suka fara biyan buƙatar gida, ga shi kuma Remington ya faɗa fatarar kuɗi a 2020. Ƙananan masu haɗawa da yawa suka zauna da injuna masu tsada, da kwanso da albarushi jibge, babu ɗan murfin da zai tayar da wuta.

Injin haɗawa kuma ba ya zama shi kaɗai. Mai aiki da tsofaffin kwansuna yana buƙatar injin tantancewa, da na wanki, da na gyaran kwanso. Kwanson doguwar bindiga yana miƙewa idan aka harba shi, dole a datse shi. Na soja kuma ana ɗame makunninsa da gangan, sai an buɗa ramin kafin sabo ya shiga. Akwai injin cika bututun makunni, akwai na duba harsashin da ya fito, akwai na ƙirgawa da zubawa a kwali, akwai kwamfireso don injunan da ke amfani da iska. Kowane girman harsashi kuma da nasa kayan sauyi, waɗanda a manyan injuna kan ci dubban daloli.

Gudun takarda da gudun aiki

Adadin da kamfani ke rubutawa a takardar talla gudun inji ne a lokacin da komai ke tafiya daidai. A ɗakin aiki, tsayawa ce ke cin lokaci. Makunni ya ƙare a bututu, albarushi ya yi ƙasa, kan harsashi ya sauko a kife, wani kwanso ya karkace. Tsofaffin kwansunan da aka sharo daga filin harbi su ne uwar matsala. Kwanson 9mm (irin waɗannan lambobi sunayen girman harsashi ne) yana shigewa cikin na .40, shi kuma na .40 ya shige cikin na .45, su sauko a matsayin guda. Na .380 yana kama da na 9mm sosai har ya kan tsallake ido. Na .45 ACP wani yana da babban ramin makunni, wani ƙarami. Akwai kuma tsohuwar rarrabuwa tsakanin makunnin Boxer mai rami ɗaya a tsakiya da na Berdan mai ƙananan ramuka a gefe: kwanson Berdan guda ɗaya ya isa ya karya allurar cire makunni ya tsayar da layi. Shi ya sa masu hankali a sana'ar ke raba aikin gida biyu, su gyara kwanso a wani inji, su haɗa a wani.

Sauya inji daga wani girman harsashi zuwa wani yana iya cin awoyi, sannan a sake saiti, a sake gwaji. Da yawa daga masu kasuwa sun gwammace su ware wa kowane girma nasa injin su bar shi a haka, wanda ke nufin sayen inji biyu ko uku. Kalmar "mai sarrafa kansa" ma tana buƙatar a fahimce ta da kyau. Injin ya ɗauke wa mutum jan mariƙi, amma bai ɗauke masa tsayuwa a kai ba. Ƙwararren ma'aikaci da kunne yake gane matsala, da zarar sautin bugun ya canza ya kai hannu ya kashe.

Haɗari da awo

Laifi biyu ne aka fi tsoro. Na farko harsashin da ya fito babu albarushi ko da ɗan kaɗan: makunni kaɗai zai tura kan harsashin ya maƙale a bututun bindiga, harbi na gaba ya tarar da hanya a toshe. Na biyu wanda aka ɗura wa albarushi sau biyu, wanda ke iya fasa bindiga a hannun mai ita. Ana awon albarushi da ma'aunin gireni, wanda 7,000 nasa ke yin fam ɗaya na nauyi, kuma a ƙaramar bindiga ɗan bambanci kaɗan yana da tasiri. Mai injin hannu idan ya yi kuskure, a kan 'yan harsasai zai tsaya. Inji mai sarrafa kansa idan saitinsa ya goce, zai maimaita kuskuren sau dubbai kafin a farga. Saboda haka na'urorin lura, masu duba yawan albarushi da zaman makunni da ƙarfin matsi su tsayar da inji nan take, su ne ɓangaren da bai kamata a yi rowa a kansa ba. Haka ma lambar rukuni a jikin kwali, domin idan aka gano aibi a san waɗanda za a janye daga kasuwa.

A ɗakin aikin kansa, makunni ya fi albarushi haɗari. Albarushin zamani marar hayaƙi ƙonewa yake yi da sauri idan ba a kulle yake ba, amma makunni fashewa yake yi, kuma ɗaya na iya tayar da sauran da ke jere a bututu. Don haka ake sa wa bututun garkuwar ƙarfe, ake share ƙurarsa, ake kiyaye tartsatsin lantarki. Ƙurar dalma kuma tana taruwa a jinin ma'aikaci a hankali idan babu iska da tsafta.

A Amurka ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera bindigogi da harsasai, wadda aka kafa a 1926, ita ke fitar da awon girma da iyakar matsi, kuma bin ta na ganin dama ne. A ƙasashen da ke cikin hukumar CIP ta ƙasa da ƙasa mai kula da gwajin bindigogi da harsasai, irin su Jamus da Faransa da Italiya, gwajin wajibi ne kafin harsashi ya shiga kasuwa. Bututun gwajin matsi da kayansa wani kashe kuɗi ne na daban.

Doka

Kusan ko'ina a duniya ba a haɗa harsashi don sayarwa sai da lasisi, wasu ƙasashe ma sun keɓe aikin ga gwamnati ko kamfanonin da ta amince da su. A Amurka, inda ƙananan masu wannan sana'a suka fi yawa, lasisin tarayya nau'i na 06 dala 30 ne kacal na shekara uku. Nauyin yana wani wuri: harajin kashi 11 cikin ɗari a kan farashin sayarwa, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta karkatar zuwa kula da namun daji, da ƙa'idojin kashe gobara kan yawan albarushi da makunnin da za a ajiye, da izinin wurin da za a kafa sana'ar, da kuɗin jigilar kaya masu haɗari, da inshora, wadda takan yi tsada domin harsashi ɗaya marar kyau na iya jawo ƙarar da za ta cinye kamfani.

Wanda injin ya dace da shi

A harsasan da aka fi saye, kamar 9mm da .223, ribar kowane ɗaya siririya ce ƙwarai, kuma idan kasuwa ta lafa manyan kamfanoni suna iya sayarwa kusa da farashin da ƙaramin mai haɗawa ya sayi sassansa. Waɗanda suka fi ɗorewa su ne masu wata dama ta musamman: filin harbi da ke tara kwansonsa kyauta ya sake cikawa ya sayar a wurin, ko mai kwantiragin harsashin atisaye, ko mai yin nau'in da manyan kamfanoni suka daina kulawa da shi. Shi wannan na ƙarshe sau da yawa bai ma buƙatar babban inji, tunda odarsa 'yan dubbai ce kuma yana yawan sauya girma. Ɗan gasar harbi da ke ƙone dubbai gommai a shekara yakan sayi ƙaramin inji mai sarrafa kansa don ya huta da jan mariƙi ya kuma samu harsashin da ya dace da bindigarsa, ko da kuɗin injin zai ɗauki shekaru kafin ya dawo.